Yaro A Gaban Alƙali: Ko Ya Kamata A Yi Masa Shari'a Kamar Babba?

Ran 1 ga watan Nuwamba, 2024, aka kawo mutum 76 gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja. An kama su ne tun watan Agusta, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, a garuruwan Arewa irin su Kano da Kaduna. Ƙarar da aka yi a kansu mai nauyi ce ƙwarai, har da cin amanar ƙasa, laifin da a kan kashe mutum dominsa. A cikinsu kuwa akwai yara wajen 30, masu shekara 14 zuwa 17. Sun yi kusan wata uku a tsare. Tun ba a kai ga tambayarsu ko sun amsa laifi ba, huɗu suka yanke jiki suka faɗi a tsakar kotu. Alƙali ya sa belinsu naira miliyan 10 kowane ɗaya. Da hotunan yaran suka bazu, ga su duk sun rame, sai ƙasa ta ɗauki kuka. Ran 4 ga wata Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da umurni a sake su, kashegari kotu ta kori ƙarar.

A ranan nan kusan kowa ya ce, "Ai yara ne, me ya kawo su kotun manya?" Amma 'yan'uwa, bari mu gwada zuciyarmu. A ce yaro mai shekara 16 ya tare ɗan maƙwabcinka da magariba, ya soke shi da wuƙa domin ya ƙwace wayar hannunsa, ɗan maƙwabcin nan kuwa ya mutu. Bakin da ya ce "yara ne" jiya, yau shi ne za ya ce, "Wanda ya iya kisa ai ya iya mutuwa." Ashe ma'auninmu ya kan sāke bisa ga fushinmu. Muna bukatar ma'auni wanda za ya tsaya daidai ran da mu ke jin tausayi da ran da mu ke jin zafi. Abin da darasin wannan wata za ya nema ke nan.

1. Ma'anar tambayar

Kada mu ruɗe tun da fari. Ba a tambaya ko za a ƙyale yaro mai laifi ya tafi abinsa. Tambayar ita ce, a wace kotu za a tsai da shi, a ina za a ajiye shi, da wane nufi kuma za a hore shi.

Kotun manya a buɗe ta ke, kowa ya shiga, a buga sunan mai laifi a jarida. Abin da ta ke nema shi ne ta auna laifi ta sāka masa da hukunci daidai da shi, har ɗaurin rai da rai, ko kisa. Kotun yara kuwa a keɓe a ke zamanta, a kira iyaye, a ɓoye sunan yaron. Alƙali ya kan tambayi labarin gidansu da makarantarsa da abokansa kafin ya yanke magana. In ya zama dole a tsare shi, a gidan horon yara za a kai shi, a raba shi da manyan fursunoni. Nufinta shi ne yaron ya gane laifinsa, ya sha horo, ya komo cikin mutane da hali dabam.

Wannan rabuwa ba ta daɗe a duniya ba. A birnin Chikago na Amurka aka buɗe kotun yara ta fari a shekarar 1899. Ingila ta bi baya da dokarta ta yara a 1908. Kafin lokacin, yaro da dattijo ɗaki ɗaya a kan kulle su.

2. Abin da dokar ƙasarmu ta ce

Yawancinmu ba mu san dokar nan ba, ga shi kuwa 'ya'yanmu ta shafa. A 1943 aka kafa dokar yara da matasa a Ikko, a 1958 Jihar Arewa ta yi tata. Kundin dokokin laifi na Arewa, wanda mutane ke kira Final Kot, ya fara aiki a 1960. Sashe na 50 nasa ya ce abin da yaro ƙasa da shekara 7 ya yi ba laifi ba ne a gaban doka. Daga 7 zuwa 12 kuma, sai an tabbata hankalinsa ya kai ya gane abin da ya ke yi da abin da za ya biyo baya.

A 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniya a kan haƙƙin yara, Nijeriya ta amince da ita a 1991. Daga nan aka sami Dokar Haƙƙin Yaro ta 2003. A wurinta, duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne. Sashe na 204 ya hana a bi da yaro ta hanyar shari'ar manya. Sashe na 221 ya hana a jefa shi kurkuku, ko a yi masa bulala, ko a yanke masa hukuncin kisa. Amma ku lura da kyau, dokar ba ta rufe ido ga babban laifi ba. Sashe na 222 ya ba kotu iko ta tsare yaron da ya yi kisankai, ko fashi, ko cin amanar ƙasa, har tsawon lokacin da ta ɗiba. A ƙananan laifofi kuma an yarda a sasanta, a biya abin da aka ɓata, ba sai an kai gaban alƙali ba.

Dokar nan tana aiki a Abuja kai tsaye, jihohi kuwa sai kowace ta yi tata. Filato ta yi a 2005, Kaduna a 2018, Kano a 2023. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da irin wannan iyaka a fiƙihunsu, gama ba a tsai da haddi a kan wanda bai balaga ba.

To, in doka ta faɗi haka, ƙaƙa yara ke kwana a kurkukun manya? Dalili biyu ne manya. Na ɗaya, gidajen horo ba su isa ba. Makarantun gyaran matasa na gwamnatin tarayya, waɗanda a ke kira Bosta, dokarsu ta 1962 ce, waɗanda aka daɗe da sani kuwa uku ne, a Kakuri ta Kaduna, da Ilori, da Abekuta. Ina uku za su kai ga jihohi 36? Na biyu, rashin takardar haihuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya iske yara 43 kaɗai cikin 100, na ƙasa da shekara 5, aka rubuta haihuwarsu. Yaron da ba shi da takarda, shekarun da aka rubuta masa a ofishin 'yan sanda su ne shekarunsa. Ko a shari'ar nan ta Abuja, lauyan masu ƙara ya tsaya a kan cewa manya ne.

3. Hujjar masu cewa a yi masa kamar babba

Waɗannan mutane ba mugaye ba ne, bai kuwa kamata mu rena maganarsu ba. Suna da hujja uku.

Ta fari, sun ce jini jini ne. Uwar da aka kashe wa ɗa ba ta sami sauƙi ba don an ce mata mai wuƙar shekararsa 16. Kabari ɗaya ne, makoki ɗaya ne.

Ta biyu, sun ce in hukuncin yaro ya yi sauƙi, manyan mugaye za su riƙa aiken yara. Mun kuwa ga haka da idonmu. Mun san 'yan daba a Kano, da 'yan sara-suka a Jos da Bauchi, da yaran da 'yan bindiga da Boko Haram suka ɗora wa makami.

Ta uku, sun ce tsoro shi ke tsare mutum. Yaron da ya san ba za a taɓa shi sosai ba, me za ya hana shi?

Irin wannan hujja ta sāke doka a ƙasar Indiya. A watan Disamba, 2012, mutum shida suka yi wa wata ɗaliba fyaɗe cikin motar haya a birnin Delhi, ta mutu saboda raunukan. Ɗaya cikinsu shekararsa 17. Kotun yara ta ba shi shekara 3, iyakar abin da doka ta yarda ke nan, aka sake shi a 2015. Mutane suka husata ƙwarai. A shekaran nan aka yi sabuwar doka: mai shekara 16 zuwa 18, in ya yi mummunan laifi, ana iya kai shi shari'ar manya bayan hukumar yara ta auna hankalinsa. Amma ko wannan doka ba ta yarda a kashe shi ba.

4. Abin da aka gani inda aka gwada

Amurka ta fi kowace ƙasa gwada wannan hanya. Wajen shekarun 1990, da laifin matasa ya yi yawa, kusan dukan jihohinta suka sauƙaƙe hanyar kai yara kotun manya. Daga baya aka zauna aka duba amfanin abin. A 2007 hukumar gwamnati mai yaƙi da cututtuka ta buga rahoton wani kwamitin masana. Suka iske yaran da aka kai shari'ar manya sun fi komawa ga laifi bayan an sake su, da wajen kashi 34 cikin 100, bisa ga waɗanda aka bari a hannun kotun yara. Watau maganin ya ƙara ciwon. Ba abin mamaki ba ne, gama zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yaron da ya shiga kurkuku da satar akuya, wa za ya zama malaminsa a ciki in ba ɗan fashi ba? Balle irin cin zalin da manya ke yi wa ƙanana a ɗakin da ba mai ceto.

Akwai kuma haɗarin kuskure. Yaro ya fi babba saurin amsa laifin da bai yi ba in an tsorata shi. A 1944, a jihar Karolina ta Kudu, aka kama wani yaro baƙar fata mai shekara 14, sunansa George Stinney, aka ce ya kashe 'yan mata biyu farar fata. Rana ɗaya aka yi shari'ar. Mutum 12 da aka zaɓa su yanke magana, dukansu farar fata, minti 10 suka yi suna shawara. Ran 16 ga Yuni aka kashe shi a kujerar lantarki. Bayan shekara 70, a 2014, wata kotu ta soke hukuncin, ta ce ba a yi masa shari'ar gaskiya ba. An wanke sunansa, amma wa za ya mayar masa da ransa?

A 2005 Kotun Ƙoli ta Amurka ta hana kashe wanda ya yi laifinsa tun bai cika 18 ba. Wanda aka yi shari'ar a kansa, Christopher Simmons, ya yi kisa da gangan yana da shekara 17, ba wanda ya yi musun wannan. Duk da haka kotu ta ba da dalili uku: hankalin yaro bai nuna ba, abokai suna jansa da sauƙi, halinsa kuma bai gama kafuwa ba. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun ƙarfafa wannan. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke tsai da mutum ya yi tunani kafin ya aikata, shi ne na ƙarshen nuna, ba ya kammala sai mutum ya wuce shekara 20. Kakanninmu ba su da na'ura, amma sun san wannan tun da suka ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba za ya gani ba.

Ga kuma wani labari daga Ingila wanda ya kamata mu ji dukansa. A watan Fabrairu, 1993, kusa da birnin Libaful, yara biyu masu shekara 10 suka sace wani yaro mai shekara 2, James Bulger, suka kashe shi. Aka yi musu shari'a a kotun manya, a gaban jama'a, har sai da aka ɗaga daɓen akwatin da su ke ciki domin su iya hangen alƙali. A 1999 Kotun Turai ta haƙƙin ɗan Adam ta ce shari'ar ba ta yi daidai ba, domin yaran ba su iya bin abin da a ke yi ba. Aka sake su a 2001 bayan shekara 8 a gidan horo. Ɗaya ba a sāke jin an kama shi da laifi ba. Ɗayan kuwa sau biyu ana mai da shi kurkuku, a 2010 da 2017. Saboda haka kada kowa ya ce mana gyara ba ya fāɗuwa. Ya kan fāɗi. Amma da ba a gwada ba, da duka biyu aka rasa.

5. Ma'aunin Littafi Mai Tsarki

Maganar Allah ba ta ba mu adadin shekarun da za a rubuta cikin dokar ƙasa ba. Amma ta ba mu ƙa'idodi huɗu.

Na ɗaya, yaro mai zunubi ne, aikinsa kuma nasa ne. Misalai 20:11 ta nuna a kan san yaro ta wurin aikinsa. Romawa 13 ta ba mai mulki iko ya hukunta mugunta. Tun daga Habila, Allah yana jin kukan jinin da aka zubar. Mai bi ba shi da izini ya ce wa gidan makoki, "Ku manta, ai yaro ne."

Na biyu, Allah da kansa ya bambanta yaro da babba wajen hukunci. Sa'ad da Isra'ila suka ƙi shiga Kan'ana, waɗanda aka yanke wa mutuwa cikin jeji su ne masu shekara 20 zuwa sama (Littafin Lissafi 14:29). Matasan nan suna cikin zango a daren tawaye, ba shakka waɗansunsu sun ɗaga murya tare da iyayensu. Duk da haka aka bar su da rai. Kubawar Shari'a 1:39 ta ambaci ƙananan da ba su rarrabe nagarta da mugunta ba tukuna, ta ce su za su gāji ƙasar.

Na uku, nauyin hukunci yana bin yawan sani. A Luka 12:47-48 Ubangiji ya ba da misalin bayi biyu. Dukansu sun yi abin da ya isa dūka, dukansu kuma sun sha. Amma wanda ya san nufin maigidansa ya sha da yawa, wanda bai sani ba ya sha kaɗan. Ba a auna aikin kaɗai ba, an auna mai aikin. Nan ne gindin darasinmu. Girman laifi yana nuna girman ɓarnar da aka yi, amma ba ya ƙara wa yaro ko shekara ɗaya. Mu da ba mu yarda mai shekara 16 ya jefa ƙuri'a ba, domin mun ce hankalinsa bai kai ba, ƙaƙa za mu ce ya kai ran da mu ke so mu rataye shi?

Na huɗu, wanda ya aiki yaro ya fi yaron laifi. Matta 18:6 ta yi wa mai sa ƙanana tuntuɓe gargaɗi mai bantsoro, da misalin dutsen niƙa da zurfin teku. Ga amsar hujja ta biyu ke nan. In manya suna aiken yara, a bi sawu har a kama mai aiken, da mai sayar da ƙwaya, da mai sayen wayar sata, da ɗan siyasan da ya raba kuɗi da makami. Mai hikima ba ya karya kibiya ya bar maharbi.

Wani za ya ce, "To, ɗan nan mai taurinkai na Kubawar Shari'a 21:18-21 fa, wanda aka ce a jejjefe shi?" Mu karanta a hankali. An kira shi mashayi da mai zari, an kuma riga an hore shi ya ƙi ji, watau ba ƙaramin yaro ba ne. Sa'an nan dokar ta ƙwace ikon kisa daga hannun uba mai fushi. Sai uwa da uba sun yarda tare, sai kuma dattawan gari sun zauna a kai. Malaman Yahudawa na dā suka kewaye ta da sharuɗa masu yawa, har waɗansunsu suka ce ba a taɓa aikata ta ba.

6. Amsarmu da aikinmu

Amsar da na ke ba ku ita ce wannan. Yaro ya amsa laifinsa, amma ya amsa shi a matsayin yaro. In laifin babba ne, a tsare shi, ko da shekaru masu yawa ne, domin a kāre jama'a, a kuma girmama jinin da ya zuba. Amma a kotun yara, a gidan da babu manyan fursunoni, da makaranta da sana'a, a riƙa duba halinsa lokaci lokaci. Kada a kashe shi, kada kuma a rufe masa ƙofa har abada. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Ga abin da ke hannunmu:

(a) Kowane mai gida ya karɓar wa 'ya'yansa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Dattawan Ekklesiya su riƙa tambaya a ranar miƙa jariri. Ran wahala, 'yar takardan nan ita ce za ta raba ɗanka da kurkukun manya.

(b) In an kama yaro a unguwarku, kada a bar uwarsa ita kaɗai. Dattijo biyu su raka ta, su faɗi shekarunsa na gaskiya, kada su ƙara, kada su rage, su roƙa a kai maganar kotun da ta dace.

(c) Kada ƙafarka ta shiga taron masu dūkan ɓarawo. Taron nan ba ya tambayar shekaru, ba ya jiran shaida.

(d) A ziyarci gidan da aka yi wa ɓarna kamar yadda a ke ziyartar wanda ke tsare. Inda abin na biya ne, yaron ya biya da gumin kansa, ya kuma roƙi gafara da bakinsa.

(e) Sa'ad da ya fito, wani kafinta ko tela ko makanike a cikinmu ya karɓe shi almajiri. Yaron da kowa ya ƙi, tsofaffin abokansa ba za su ƙi shi ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane bambanci ke tsakanin gafarta wa yaro da ƙyale shi ba horo?
2. Karanta Zabura 25:7. Me Dauda ya roƙa game da kwanakin ƙuruciyarsa? Da an yi maka hukuncin babba a kan abin da ka yi kana shekara 15, ina ka ke yau?
3. In wanda aka kashe ɗanka ne, wace magana cikin darasin nan za ta fi yi maka wuya?
4. Yara nawa ne cikin Ekklesiyarku ba su da takardar haihuwa? Wa za ya ƙidaya su kafin ƙarshen wata?

Addu'a

Ya Ubangiji, mai shari'ar gaskiya, ka ba alƙalanmu da 'yan sandanmu hikima. Ka ta'azantar da gidajen da aka zubar musu da jini. Ka tuna da yaran da ke kulle a daren yau, ka juyo da zukatansu. Ka gafarta mana inda muka yi sakaci da renonsu. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.